Yadda A Ke Renon Makaɗin Fada: Misali Daga Rayuwar Alhaji Musa Ɗanƙwairo

Mutane da yawa in sun ji muryar Alhaji Musa Ɗanƙwairo a rediyo su kan ce baiwa ce Allah ya yi masa, daga nan sai su rufe magana. Lalle baiwa ce, babu mai musun wannan. Amma baiwar murya kamar iri ta ke, in ba ta sami gona da mai nome ta ba, a cikin rumbu za ta ƙare. Nufin wannan takarda shi ne ta bayyana gonar da aka shuka irin, watau hanyar da makaɗan fada na ƙasar Hausa su ke bi su koyi sana'arsu, tun daga ranar da yaro ya fara ɗaukar kayan kiɗa har ranar da ya zama jagora. Mun ɗauki rayuwar Ɗanƙwairo ta zama ma'auni domin ya taka ko wane mataki na wannan hanya, bai tsallake ko ɗaya ba. Daga baya za mu leƙa wata ƙasa ta Turai wadda ta taɓa yin mawaƙan fada kamar namu, fadojinta suka rushe, ta kuwa san dabarar da ta yi waƙar ba ta bi su ba.

Makaɗan fada da matsayinsu

Hausawa sun kasa makaɗa kashi-kashi bisa ga waɗanda a ke yi wa kiɗan. Akwai makaɗan sana'a, kamar masu gangar noma da su ke bin manoma gayya, da masu kalangun mahauta, da masu dundufar maƙera. Akwai makaɗan maza, na 'yan dambe da 'yan kokawa da 'yan tauri. Akwai makaɗan jama'a, waɗanda su ke yi wa kowa waƙa, sarki ko talaka, babbansu kuwa shi ne Alhaji Mamman Shata. Sa'an nan akwai makaɗan fada, masu kotso da taushi da jauje da banga, waɗanda ba su buɗe baki sai ga mai sarauta. Cikin waɗannan ne a ke lissafa Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, da Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, da Aliyu Ɗandawo, da Mamman Sarkin Taushin Katsina, da Sa'idu Faru, da shi Ɗanƙwairo.

A nan ƙasar Zazzau an yi nazarin wannan tsari tun da wuri. Wani Bature, M. G. Smith, ya zauna cikin lardin a 1949 da 1950, ya kuma buga bayani a kan roƙo da maroƙa cikin 1957. Bayansa David Ames ya yi bincike a Zariya, Anthony King ya yi a Katsina, suka haɗu suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa cikin 1971. Abin da suka tarar shi ne, makaɗan fada jama'a ce mai sarautu nata, da manya da ƙanana, kowa da wurin tsayawarsa. A kan yi sara a ƙofar fada ko wane daren Juma'a, a busa kakaki da algaita, a kaɗa wa sarki takensa. Hakimai ma da dagatai, irin na ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan, su kan riƙe makaɗa gwargwadon ƙarfinsu, domin sarauta ba ta cika sai da mai faɗar ta.

Duk da wannan kusanci da sarakuna, jama'a ba su ɗauki makaɗi babban mutum ba. Maroƙi a ke ce da shi, ba kuma kowa ke ba shi 'ya ba. Sabo da haka sana'ar ta zauna cikin gidaje sanannu, ɗa ya karɓa daga uba. Wanda ya tashi ya tarar da ita a gidansu shi ne ɗan gado, wanda ya shigo daga waje kuwa ɗan haye. Shata ɗan haye ne, mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba. Amma a kiɗan fada 'yan gado sun fi yawa nesa, dalili kuwa zai bayyana nan gaba.

Gidan da aka haife shi

An haifi Musa cikin 1909 a ƙauyen Ɗankadu, ƙasar Bakura, wadda yanzu ta ke cikin Jihar Zamfara. Mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, makaɗi ne, kakansa ma makaɗi ne. Da kiɗan noma gidan ya fara suna, sa'an nan Ɗankwanda ya zama makaɗin Sarkin Ƙayan Maradun, ya riƙa yi masa waƙa da kotso. Tun Musa yana wajen shekara bakwai ya fara bin mahaifinsa wurin kiɗa. Masu tarihinsa sun ce akwai wani baran mahaifin mai zaƙin murya, ana kiransa Ɗanƙwairo. Da aka ji muryar yaron ta yi kama da tasa sai aka laƙaba masa sunan, ya kuwa bi shi har ya danne na yanka.

Ya kamata mai karatu ya lura da wannan mafari na kiɗan noma, gama ba ƙaramin horo ba ne. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin gona ranar gayya, ko a Kurmin Kogi ko a Bakura, ya san makaɗin noma ba shi da rumfa, ba shi da na'urar ƙara murya. Dole muryarsa ta kai ƙarshen kunya, ta rinjayi ganga da iska da hayaniyar samari. Dole kuma ya san ko wane manomi da sunan ubansa da kirarinsa, ya san wanda zai zuga da wanda zai yi wa ba'a don ya ƙara himma. Ƙarfin numfashi, da riƙe sunaye, da karanta fuskar wanda a ke yi wa waƙa, su ne jarin makaɗin fada, a gona kuwa a ke fara tara su.

Amshi, makarantar makaɗi

Ƙungiyar makaɗan fada tana da jagora guda, da 'yan amshi waɗanda su ne kuma su ke riƙe da kotso ko taushi, da sanƙira mai tsarma kirari yana fassara wa jama'a abin da aka faɗa. Yaron da ya shigo ba a ba shi komai sai kaya. Shi ne mai ɗaukar ganguna, mai shanya su, mai kula da doki in an yi tafiya. Cikin wannan hidima kunnensa ke cika da waƙa, har ya hardace da yawa bai san ya hardace ba.

Mataki na biyu shi ne kiɗa. Kotso ganga ce mai fuska ɗaya, tsakiyarta a tsuke, gindinta a buɗe. A kan rataya ta a kafaɗa, a matse tsirkiyoyinta da hannu guda don a ɗaga sautin ko a sauke shi, a riƙa bugunta da yatsun ɗaya hannun. A tsakiyar fatar a kan liƙa nake, shi ke ba ta amon nan mai zurfi. Tun da ya ke Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, kotso tana iya faɗar magana, kuma yaro ba ya zama makaɗi sai hannunsa ya iya faɗar taken ubangidansu yadda kowa zai gane.

Mataki na uku shi ne amshi, nan ne kuwa a ke daɗewa. Ko wace waƙar fada tana da gindi, watau 'yan layukan da a ke komowa gare su, da kuma ɗiya, waɗanda su ke ɗauke da yabo da tarihi da zambo. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tsara waɗannan kalmomi cikin littattafansa na nazarin waƙar baka, ya nuna cewa aikin 'yan amshi ya wuce maimaita gindi. Sau da yawa jagora ya kan fara ɗa ya sake shi a tsakiya, 'yan amshi su cafe su ƙarasa. Wani lokaci su kan yi ƙari, su sa nasu layuka a kan nasa. Wani lokaci kuma su kan rabu biyu, waɗannan su ba waɗancan, waɗancan su mayar. Duk wanda ya saurari faifan Ɗanƙwairo da kunnen basira zai ji cewa rabin waƙar ko fiye a bakin mutanensa ta ke, shi kuwa yana bisa kamar mahayi, yana ja yana saki.

To, ɗan amshin da zai ƙarasa maganar da jagora ya fara, tilas ya san waƙar duka kamar yadda jagoran ya san ta. Tilas ya san inda za a ja numfashi, da inda kiɗa zai faɗi, da yadda zai daidaita muryarsa da ta 'yan'uwansa har su zama kamar bakin mutum ɗaya. Ba a koya masa wannan da bayani. A gida a ke zama, jagora ya kawo gindin sabuwar waƙa, a yi ta juya shi ana gwada shi da kiɗa, a ɗora ɗiya ɗaya bayan ɗaya, wanda ya yi kuskure a tsawata masa a sake. Cikin wannan zama ne yaro ke ganin yadda a ke ƙera waƙa, ya ga layin da aka yar da dalilin yar da shi. Ran da ya kawo nasa layi aka karɓa, ya fara zama mawaƙi.

Akwai kuma ilmin da ba na murya ba. Makaɗin fada shi ne ma'ajin nasabar gidan sarauta. Dole ya san wa ya haifi wa, wane sarki ya yi wane yaƙi, wane gida ke takara da wane. Dole ya iya zambo da habaici, ya siffanta ɗan sarkin da ke hamayya da ubangidansa har kowa ya gane shi, ba tare da ya kama suna ba. Kuskure kaɗan a nan yana iya jawo kora daga gari. Wannan shi ya sa ɗan haye ya kan sha wuya a fada: murya ana iya zuwa da ita daga ko ina, amma sirrin gidan sarauta sai wanda ya girma a zaurensa.

Da Usman Ɗankwanda ya rasu, ba Musa aka ba jagora ba. Wansa Abdu Kurna ya gaji gidan, Musa ya zama Daudun kiɗi, watau mataimaki mai jiran gado. Ya zauna a bayan wansa shekaru masu yawa, alhali muryarsa ta riga ta yi suna a ƙasar Maradun. Mai haƙuri ya kan dafa dutse.

Ubangida

Makaɗin fada ba ya sayar da waƙa a kasuwa. Ubangidansa ke ɗauke da shi, ya ba shi gida da gona da hatsi, ya yi masa sutura da salla, ya ba shi doki, a zamanin baya kuma har da mota da kujerar Makka. Abin da aka samu a wurin naɗin sarauta ko hawan salla ko biki, jagora ke raba shi bisa ga matsayi. Shi kuwa makaɗi abin da ya ke biya da shi, ya tsare martabar ubangidansa, ya raka shi rangadi, kada kuma ya yi wa wani basarake waƙa sai da izini. Narambaɗa ya yi zamaninsa yana jingine da fadar Isa, duk da ya ke sunansa ya gama ƙasa.

Abin lura a nan shi ne, hatsin ubangida shi ke riƙe da makarantar. Mutum shida ko takwas ba za su iya zama shekara ashirin suna amshi a bayan mutum ɗaya ba sai in akwai mai ciyar da su da iyalinsu. Sarki yana biyan waƙar yau, amma a cikin kyautar nan tasa har da kuɗin renon jagoran gobe, ko ya sani ko bai sani ba.

Daga Maradun zuwa Kaduna

Ɗanƙwairo ya haura shekara hamsin kafin sunansa ya game Arewa. Sanadin haka kuwa Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, Firimiyan Jihar Arewa, wanda ya karɓe shi daga hannun Sarkin Maradun ya zama makaɗinsa a farkon shekarun 1960. Wannan ya zo daidai da buɗe gidan rediyon Kaduna cikin 1962. Waƙar da dā sai wanda ya je ƙofar fada zai ji ta, sai ga ta a kasuwar Maƙarfi da zaurukan Kurmin Kogi, manomin rake yana jin ta a bakin fadamarsa. Mutane suka ɗauka sabon mawaƙi ne ya fito, alhali kuwa aikin shekara arba'in da wani abu ne ya nuna.

Bayan an kashe Sardauna ran 15 ga Janairu 1966, Ɗanƙwairo bai koma makaɗin fada guda ba. Ya yi wa 'Yandoton Tsafe Aliyu waƙa, da Sarkin Daura Muhammadu Bashar, da Sarkin Kano Ado Bayero, da sauran sarakuna da hakimai da manyan mutane a wurare da dama. Zamani ne ya kawo haka. An raba Jihar Arewa cikin 1967, aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, sa'an nan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya raba sarakuna da baitulmali. Fada ɗaya ba ta iya ɗaukar ƙungiya kamar dā, sai makaɗi ya yi ta yawo. Ya rasu cikin 1991 yana da shekara 82, 'ya'yansa da ya rena a amshi suka ci gaba da kiɗan gidan. Allah ya jiƙansa.

Mawaƙan ƙasar Welis

Welis ƙasa ce ƙarama a yammacin Ingila, cikin tsibirin Birtaniya, mutanenta suna da harshensu dabam da Ingilishi. A zamanin dā suna da sarakunansu, ko wane sarki da mawaƙansa. Dokokin da a ke danganawa ga sarkinsu Huwel Nagari, wanda ya rasu wajen shekarar 950, sun ambaci shugaban mawaƙa mai kujera a fada, wanda ya ke da ikon koyar da almajirai, da kuma mawaƙin gidan sarki, wanda a ke ba molo irin nasu mai tsirkiya da yawa ran da aka naɗa shi. Aikinsu yabo da nasaba da zambo, kamar dai namu. Cikin 1176 wani sarkinsu, Ris, ya tara mawaƙa da makaɗa gasa a garin Kadigan, ya sa kujera biyu, ɗaya ta gwanin waƙa, ɗaya ta gwanin kiɗa.

Cikin 1282 aka kashe Luwelin, sarkinsu na ƙarshe mai cin gashin kansa, Ingila ta cinye ƙasar. Mawaƙa suka koma bin gidajen masu ƙasa, suna yawo daga wannan zuwa wancan, kamar yadda Ɗanƙwairo ya yi bayan 1966. Da masu ƙasar suka koma jin Ingilishi, sai sana'ar ta mutu a ƙarni na 17. Amma daga baya talakawa suka ɗauki tsohuwar gasar nan suka raya ta. Sunanta Aistedfod. An yi ta farko ta ƙasa duka cikin 1861, har yanzu kuwa ana yin ta a farkon watan Agusta, bana a arewacin ƙasar, baɗi a kudu, da harshensu kaɗai. Ƙauyuka da makarantu ma suna da nasu ƙanana, inda yara ke fara tsayawa gaban alƙalan waƙa.

Ta wannan hanya Bryn Terfel ya fito. An haife shi cikin 1965, ɗan manomi ne a arewacin Welis. Tun yana yaro ya yi ta cin gasar ƙauyuka. Cikin 1984 ya shiga makarantar koyon kiɗa da waƙa ta Gildhol a Landan, ya yi shekara biyar ana gyara masa numfashi da murya, yana koyon rera waƙa da Italiyanci da Jamusanci. Cikin 1989 ya ci kyauta a gasar mawaƙan duniya ta birnin Kadif, a 1990 ya fara fitowa a opera, watau wasan kwaikwayon da a ke rera maganarsa duka da waƙa. Daga nan ya zaga manyan gidajen waƙa na Turai da Amurka, har aka ba shi lambar Sir cikin 2017.

Akwai bambanci babba tsakaninsa da makaɗinmu. Shi abin da wasu suka tsara suka rubuta tun tuni ya ke rerawa, ga takarda a gabansa wadda ta nuna ko wane sauti. In malaminsa ya mutu takardar tana nan. Ɗanƙwairo kuwa shi ne mai tsarawa, shi ne mai rerawa, takardarsa kuma ita ce ƙirjin 'yan amshinsa. Amma sun yi tarayya a abu guda, ko wanensu ya sami wurin da aka saurare shi yana yaro, aka gyara masa, aka hana shi gaba sai da ya nuna.

Abin da ya rage

Yau yawancin waƙoƙin sarauta a ɗakin ɗaukar murya a ke yin su, da fiyano da kwamfuta. Mawaƙi ɗaya yana iya rera jagora, ya komo ya rera amshin kansa, na'ura ta haɗa. Cikin masu yin haka akwai masu fasaha ƙwarai, ba kuwa laifi ba ne mutum ya yi aiki da kayan zamaninsa. Sai dai na'ura ba ta renon kowa. Inda babu 'yan amshi babu Daudu, inda babu Daudu kuwa, ran da jagora ya kwanta dama gidan ya rufe.

Jami'o'inmu na Zariya da Kano da Sakkwato sun yi aiki mai yawa wajen rubuta waƙoƙin nan da nazarinsu, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa cikin 1988. Amma rubutaccen baiti ba ya koya wa yaro inda zai cafe layi, ko yadda zai matse kotso ta yi magana. Wannan ilmi yana wurin tsofaffin 'yan amshi da suka rage a Maradun da Isa da Faru da Katsina da Zariya, kullum kuwa raguwa su ke yi. Abin da ya kamata shi ne a nemo su, a ɗauki bayaninsu a kan yadda a ke ƙera waƙa, a kuma ba su wuri da abin masarufi su zauna da yara su koyar, kamar yadda a ke ɗaukar ko wane malami.

Wurin gwaji ma ba sai an ƙirƙiro shi ba. Ƙauyukan arewacin Zazzau sun san kalankuwa, bikin da samari da 'yan mata ke yi bayan an kawar da amfanin gona. In hakimai da ƙananan hukumomin Ikara da Maƙarfi da Kudan suka sa gasar kiɗan noma da na fada a irin wannan lokaci, ƙungiya da ƙungiya, da sharaɗin ko wace ta zo da yara cikin amshinta, to an sami mafari. Mutanen Welis sai da sana'ar mawaƙan fadarsu ta mutu sa'an nan suka gina mata sabon gida. Mu namu masu ita suna da sauran numfashi, da zafi-zafi kuwa a kan bugi ƙarfe.